Akwatin da Sada Ya Ba Ka Riƙo

Zuwa ga Yaya Abdu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙanwa ga wanta, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka a yalwace. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Jikokinka ne suka ce in sa ta inda mutane za su gani, na ce to, wataƙila a cikinsu a sami wanda zai ce mini na yi wa bawan Allah mummunan zato.

Maganar Sada ce, Yaya. Kada ka ɓata rai, na san ka hana ni ita tun kana raye.

Tare kuka yi makaranta, kai daga Kurfi, shi daga Dutsin-Ma, tare kuma kuka koyi tuƙin jirgin sama a shekarun saba'in ɗin nan da kuɗin mai ya shigo ƙasa. Ya girme ka da ɗan kaɗan, amma ban taɓa ganin ya nemi girman ba. In ya zo gidanmu hutu, kwano ɗaya kuke ci, har kokawa kuke yi a kan ƙanzo, Inna tana korar ku da muciya.

Sai ranar da kamfanin jirage ya kira ku ɗaukar aiki. Kai da bakinka ka ba mu labarin, kana dariya. Kun sauka daga mota, kun iso ƙofar ofis, Sada ya miƙo maka akwatinsa ya ce, "Riƙe mani, ai ni ne babba." Ka karɓa, don haka aka tarbiyyantar da mu, ƙarami ba ya barin babba da kaya a hannu. Kuka shiga, hannuwanka biyu a cike, ga akwatinka ga nasa. Akawu ya miƙo biro, Sada ya karɓa ya sa hannu, sannan ya amshi akwatinsa, kai ma ka sa hannu a ƙasan sunansa.

Mu duka mun yi dariya ranar da ka faɗa. Ba wanda ya san cewa a aikinku, lambar da mutum ya samu ranar da ya sa hannu ita ke bin sa har ya yi ritaya. Da ita ake duba wa zai zama kyaftin, wa za a tura kwas ƙasar waje, wa zai hau babban jirgi. Kai ne daga baya ka zauna ka yi mana bayani, ni da Inna, kana zana layi a ƙasa da tsinke.

Abin da ya hana ni sakat ke nan, Yaya. Kai ba ka sani ba a lokacin, na yarda. Shi fa?

Ka tuna mutumin nan Kirista ɗan kudu da ke haya a gidan su Sada, wanda ya yi aiki a filin jirgin Kano kafin a kawo shi gidan waya na Dutsin-Ma? Duk ranar kasuwa in mun raka Baba kai gero, sai in hango Sada a kan bencinsa suna hira da Turanci. Me mutum zai tambayi tsohon ma'aikacin filin jirgi in ba yadda ake hawa a can ba? Kuma wanda bai taɓa ba ka ko hula ka riƙe masa ba, yaya aka yi girma ya faɗo masa a daidai wannan ƙofar?

Da na faɗa maka haka, cewa ka yi, "Binta, zato zunubi ne." Na yi shiru don kai babba ne, ba don na yarda ba.

Da kamfani ya sayo manyan jirage, masu hanya biyu a ciki, waɗanda ke tsallaka teku su kai alhazai Jidda, aka ɗebi matuƙa daga sama bisa lamba. Aka zo kan Sada aka tsaya. Kai ne na gaba. Ka zo gida ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, jirgi na gaba da za a sayo naka ne.

Inna kuwa ta riga ta yi rantsuwar da duk Kurfi ta ji. Ta ce, "Ni ba ni hawa jirgin ɗan wata. Ɗana shi ka kai ni Makka." Tana da shanunta a Barkiya wajen Kawu, ta ajiye su don kujera. Kowace shekara ƙawayenta suna tafiya suna dawowa da haƙorin Makka, suna tsokanarta wai direbanta bai gama koyo ba ne? Ita kuma ta ce su je, nata jirgin na tafe.

Ba a sake sayen wani ba. Aka shiga tsuke bakin aljihu, layi ya tsaya cak, kai kana bakin ƙofa. Kana nan da ƙaramin jirginka, yau Sakkwato, gobe Maiduguri, jibi Jos. Sada kuwa albashinsa ya yi sama, ga alawus na kwanan ƙasar waje. Ya gina gidan siminti a Dutsin-Ma, yana zuwa gaishe da Inna da turare da darduma. Tana karɓa ta sa masa albarka. Ni kuwa in na kawo masa ruwa, fuskarsa nake kallo, ko zan ga wani abu. Ban taɓa gani ba. Kullum dariyarsa fes, wannan ma ya ƙara mini zargi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kai ne kake kare shi. Har ka ce ya fi ka iya sauka cikin iska. Ƙarya kake yi, Yaya, Allah ya gafarta maka, na san kana faɗa ne don in yi shiru.

Shekarar da gwiwoyin Inna suka fara gazawa, kai ka durƙusa gabanta ka roƙe ta ta janye maganarta. Ta yi kaffarar rantsuwa, aka sayar da shanun, ka ɗauki hutu, muka tafi mu uku. Ina tsammanin da ma ka san wanda zai tuƙa mu, amma ba ka faɗa ba sai da muka gan shi a gindin matakala da fararen kaya da hular aiki.

Ya durƙusa ya gaishe da Inna. Sannan ya ja da baya, ya nuna maka matakala ya ce, "Bismillah, Abdu, fara hawa." Na dube shi sosai. A ƙofar da ba a rubuta lamba, nan ya ba ka gaba.

Ka zauna kusa da Inna a tsakiyar alhazai, ka ɗaura mata bel da hannunka. Da jirgi ya fara gudu, na ga yatsunka suna motsi a kan gwiwarka, kamar kai kake tuƙin. Na kau da kai don kada ka ga na gani. Inna ta damƙe hannunka, ta ce, "Gara da aka bar mani kai nan. Da kana gaba, wa zai riƙe ni?" Ka yi dariya, idonka ya ciko. Ban taɓa son ka kamar wannan ranar ba.

Bayan nan ka ga yadda ta kasance. Da kamfani ya fara durƙushewa, kamfanonin waje suka kwashe masu takardar babban jirgi, Sada a cikinsu. Kai ka dawo Kurfi kana duba gonarmu ta Tamawa, in jirgi ya gifta sama ka ɗaga kai ka faɗi irinsa ba tare da an tambaye ka ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ranar ukunka Sada ya zo ta'aziyya, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya shigo cikin gida gaishe da mata, ya zauna a bakin tabarmata. Can ya ce, "Hajiya Binta, wannan karon bai tsaya na fara ba." Sai ya fashe da kuka.

Ashe bai manta ba, Yaya. Duk shekarun nan yana ɗauke da wannan ƙofar kamar yadda nake ɗauke da ita. Ko ya sani tun ranar, ko daga baya ya gane, ban tambaye shi ba, ga shi a gabana kuwa. Na buɗe baki, sai na ji kamar kana kallona. Na tura masa kofin ruwa kawai.

Har yau ban wanke shi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na sa shi cikin addu'a, don na san abin da za ka ce ke nan.

Allah ya jiƙan ka, ya jiƙan Inna da Baba. Allah ya yafe wa Sada in ya sani, ya yafe mini in bai sani ba. Kai kuma da ka riƙe wa wani kaya a bakin ƙofa, Allah ya sa ka isa ƙofar Aljanna hannunka sake, a kira ka a sahun farko.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Binta