Masarar Sabo Ta Ƙone

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya damina? Mu nan Iku lafiya lau.

Kin tuna aikin da Sabo ɗan Kawu ya kawo, na koya wa kwamfuta gane cutar masara daga hoton ganye? Baba ne ke duba hotunan yana faɗin cutar. Sabo ya ce Baba ya yi tsada kuma ba ya sauri, ya sallame shi gaban mutane, ya ɗauko 'yan gari masu araha da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Duk ganyen da ya yi ruwan ɗorawa, tsutsa suke rubutawa. Haka kwamfutar ta koya.

Bana Sabo ya gwada abin a gonarsa ta Zuma. Masara na neman taki, kwamfuta ta ce tsutsa ce, ya yi ta feshi har ta ƙone.

Jiya ya zo da ganye a hannu. Baba ya juya shi, ya mayar masa, ya ce, "Je ka tambayi masu araha." Ni kuwa na gasa masa masarar gonarmu, na tsaya a kansa sai da ya cinye.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da Inna Larai.

Ƙanwarki,
Rabi