Shafin da Nake Tsallakewa Idan Ina Karanta wa Babana

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya hana ni sukuni.

Ni haifaffiyar Sabo ce a Ibadan. Babana ya makance shekara tara ke nan, hawan jinin ido, tun daga lokacin ni nake karanta masa komai. Akwai wata tsohuwar gafaka da ya gada, cike da takardun ajami na kakansa, wanda ya zo fataucin goro zamanin Turawa, lokacin da aka yanka wa Hausawa filin Sabo. Baba ba shi da abin alfahari kamar wannan kakan, kullum cewa yake kakan ɗan malaman Kano ne, kuma Allah ya yafe masa, ya iya yi wa mutane gorin asali. Duk Juma'a bayan masallaci sai na karanta masa takardun.

To akwai wasiƙa ɗaya a ciki, daga wani mutum a ƙasar Kano. Ya rubuta cewa kakan bawan gidansu ne, ya gudu ya canja suna, ya bar mata da 'ya'ya biyu a can. Ranar da na fara ganinta na ce wa Baba tawadar ta goge. Shekara tara ina tsallake ta.

Bana yayana ya sayo masa waya mai karanta rubutu da murya. Wallahi Baba ya koma kamar an dawo masa da ido, har takardar magani sai ya ɗora mata kyamara. Da ita ya gano ƙanensa ya ɓoye masa wani sashe na sakamakon asibitinsa, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Ya ce makantar ba ta yi masa ciwo kamar yadda mutane suke zaɓar masa abin da zai ji, wai ni kaɗai ce ban taɓa yi masa haka ba. Na tashi na shiga banɗaki na yi kuka.

Wayar ba ta iya ajami ba, shi ya sa na kwantar da hankalina. Ashe yayan nawa, sarkin zaƙewa, ya kai gafakar wurin wani malami an juye komai zuwa boko, an buga a wani shagon kwamfuta a unguwar Mokola. Shi bai ma karanta ba, ya turo mini na sa wa Baba a waya. Da na gaya wa yayan nawa abin da ke cikin wasiƙar muka yi cacar baki, ya ce na goge shafin kawai, hawan jinin tsoho ba abin wasa ba ne.

Baba ya tambaye ni sau uku ko an gama. Shin na goge shafin na ci gaba da cin amanarsa, ko na bar waya ta gaya masa? Idan kuma ni zan faɗa da bakina, da wanne zan fara, sirrin kakansa ko nawa?