Dakuwar Inna Ta Je Liyon Ta Dawo

Zuwa ga aminina na ƙuruciya, Ɗahiru, mazaunin birnin Liyon na ƙasar Faransa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta taso daga gindin duwatsun Bauchi, ta ƙetare sahara da teku ba tare da an tambaye ta biza ba, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yaran da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ina neman afuwa bisa wannan kutse. Na san ba a shanya maganar gida a bakin hanya, na kuma san masu leƙa wannan shafi nawa baitoci suke zuwa nema, ba sirrin mutane ba. To amma na kira wayarka har na gaji da muryar Baturiyar nan da ke amsawa a madadinka, alhali duk waƙar da na saka a nan sai na ga ka danna mata alamar so. Tunda nan ne zauren da kake leƙowa, a nan zan shimfiɗa tabarmata.

Bari in ɗauko maka zancen daga tushe. Da aka ce za a tura ni Faris taron malaman harsuna, sai na tafi Ƙofar Ran in yi sallama da Inna, mahaifiyarka. Na same ta a ƙofar ɗakinta, inda ka san tana zama. Ɗahiru, Inna ta rame, yanar ido kuma ta rufe mata ɗaya, tana neman na biyun. Da murya ta gane ni. Da jin sunan ƙasar da za ni, sai ta gyara zama kamar an ce mata bayan gida zan zagaya in same ka. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa Faris daban, garinka daban, ta ce ai duk Turai ce.

Washegari ta sa ƙanwarka Asabe ta soya gyaɗa da aya ta daka, amma mulmular ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Da hannunta ta yi ta, har kowace dakuwa ta fito da sawun yatsunta a jiki. Ta jera su a ɗan kwanon samira, ta ɗaure da ɗankwalinta, ta ce, "Habibu, hannu da hannu za ka ba shi. Saƙona kuma baki da baki, don maganar uwa ba a aika ta ta iska."

Da aka tashi daga taro ranar Juma'a, sai na ga Asabar da Lahadi suna hannuna, jirgin komawa gida sai Litinin da safe. Na hau jirgin ƙasa zuwa garinka, ban kira ka ba. Ba mantuwa na yi ba. Na ɗauki wayar na ajiye, domin a tarbiyyar da aka yi mana ni da kai, sanar da amini cewa za ka zo gidansa tamkar ce masa ne ya ɗora tukunya. Yaushe ka taɓa neman izini kafin ka faɗo ɗakina a Yelwa, ka cinye mini masa, ka kwanta a katifata ka bar ni a tabarma? Ina cikin jirgin ina ta tsara yadda zan rangaɗa sallama, ka leƙo ta taga, ka riƙe baki. Har baitin da zan tare ka da shi na shirya.

Na sami gidan ba wuya. Sai dai ba zaure, ba dakali, ba ko mutum ɗaya a waje da za a ce masa ya yi sallama da maigida. Ƙofar gilashi ce da maɓallan lambobi, ga sunaye a jere, kowanne da ƙararrawarsa. Na ga sunan mahaifinka, Allah ya jiƙansa, a rubuce tsakanin sunayen da ban iya karantawa ba. Na danna, na jira, na sake dannawa. Har sallama na yi wa ɗan ramin maganar, da ƙarfi kuwa, kamar yadda ake yi a gida. Daga bisani wata dattijuwa ta fito da karenta. Da nuni da 'yar Faransancin da na tsinta, na fahimci kun tafi hutun ƙarshen mako can cikin duwatsu, sai Litinin da yamma. A nan ne na kira ka, a nan ne kuma na fara sanin muryar Baturiyar.

Tunda ban ga mai gari ba, sai na ce bari in ga garin. Ba zan yi masa rowar yabo ba, Liyon birni ne. Na bi tsohuwar unguwar nan mai daɓen duwatsu, wadda lungunanta suka tuna mini namu na cikin ganuwa, sai dai su nasu benaye ne suka yi musu rumfa. An nuna mini hanyoyin da masaƙan alharini na da suke bi, inda za ka tura ƙofa ka ratsa tsakar gidan mutane ka ɓulla wani titin. Na yi mamakin garin da ya yarda baƙo ya ratsa gida, amma ba wanda zai ce masa sannu da zuwa. Na hau tudun da babbar majami'arsu take, na ga rufin gidaje jajaye har iyakar gani, na ga kangon dandalin da aka ce Rumawa suka gina. Duk wannan da kwanon Inna a hammata. Ga babbar riga, ga iskar kogi mai ratsa ƙashi, masu yawon buɗe ido kuma suna ta ɗaukata hoto. Na je kallon gari, gari ya koma kallona.

Ranar Lahadi ƙafafuna suka kai ni inda kogunan nan biyu suke haɗuwa, ɗaya mai sauri, ɗaya mai nawa, kowanne da launin ruwansa. Mu da muka tashi a garin da sai damina ake jin kukan rafi, da na zaci zan yi farin ciki. Zama kawai na yi a kan benci, gwiwoyina suna ciwo, yunwa tana cina domin na kasa sakin jiki da abincinsu, ƙamshin gyaɗa yana tasowa daga cinyata. Ban kwance ɗankwalin ba. Baitin da na shirya maka ya gudu, wannan ne ya zo a madadinsa:

Na zo garinka da ƙafa da kwano,
Ƙofarka ba ta san sallama ba.
Koguna biyu sun gaisa gabana,
Ni ban ga wanda na zo dominsa ba.

Kafin in kama hanyar tasha na sake komawa gidan. Na ga akwatin wasiƙunka, bakinsa ko cokali ba zai shige da daɗi ba, balle samira. Da na sake ganin dattijuwar ma, ban san ko zan iya miƙa mata ba, don ba hannunta aka ce mini ba. Haka na dawo da amanar har Bauchi.

Ina sauka na ga ɗan saƙonka: "Ka yi haƙuri, da ka sanar da ni." Gaskiyarka ce, kuma na karɓi rabona na laifi. Na auna garin wasu da mudun garinmu. Amma tun daga wannan layi ɗaya ban sake jin ɗuriyarka ba, kuma ina zaton na san dalili. Tun da aka binne Baba ba ka nan, kunya ta hana ka zuwa, rashin zuwan kuma yana ƙara wa kunyar ƙiba kowace shekara.

To ga saƙon, Allah ya yafe mini aika shi ta iska. Inna ta ce in gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba a kan jana'izar, ta san takardu ne suka tsare ka. Ta ce ba ta son aike, ba ta son gini. Ka zo ta ga fuskarka tun idon da ya rage yana gani.

Kwanon yana nan a ɗakina, bisa kantar littattafai, inda yara ba za su kai ba. Maiɗakina in ta wuce sai ta ce, "Dakuwa ta je Faransa ta dawo, ni ko Jos ba a kai ni ba." Ina dariya, amma man gyaɗar ya fara sauya ƙamshi. Tun da na dawo ban taka Ƙofar Ran ba. In na hau Keke Napep zuwa kasuwa sai in ce a zagaya da ni ta wata hanyar, ni da furfurata, kamar mai gudun dukan malam. Jiya Asabe ta kira ni, ta ce Inna tana tambaya ko jirgin Habibu har yanzu bai sami wurin sauka ba.

Na gaji, Ɗahiru, kuma ba gajiyar tafiya ba ce. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan je in durƙusa a gabanta. Za ta tambaye ni ko ka yi ƙiba, ko ka ci, ko me ka ce. Ba zan yi mata ƙarya ba, kuma ba na so in je mata da kwanon kaɗai.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya tsare mata hasken da ya saura. Allah ya jiƙan Baba. Ya sassauta maka abin da ya yi maka nauyi, ya buɗe maka hanyar gida.

Ina roƙonka ka rubuto mini amsa kafin Juma'a, ko layi biyu ne, da Hausar da Inna za ta gane, in karanta mata. In akwai ranar zuwa a ciki, ka faɗe ta. In kuma ka ga dama ka faɗo ba sanarwa, ƙofarta ba ta da lambobi.

Naka har kullum,
Habibu, Yelwa, Bauchi.