Tokar da Ba Ni Na Zuba Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa makwancinki ya fi ɗakinki na Djougou sanyi. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da ranki sai an nemo miki mai karantawa, balle yanzu da babu motar kamiyon da ke zuwa inda kike. Amma abin da ya faru a gidana a daminar nan ya fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai, in kuwa na faɗa wa matan Zongo za su ce kaina ya taɓu.

Gida lafiya. Yaya Idi ya gaji rumfar goron Baba, har ya fara ajiye tumbi. Mangwaron tsakar gidanki ya yi 'ya'ya kamar ya san babu mai korar yara. Sojoji sun sake canja shugaba a can kudu, mu dai a rediyo muka ji, jirgin ƙasa kuma bai fasa isowa Parakou a makare ba.

Ga abin da ban faɗa miki ba. Lokacin da na zo jinyarki ina da ciki. Kunyar ɗan fari ta ɗaure min baki, na ce bari ki gani da idonki, kika tafi kafin zane ya tona min asiri. Mace na haifa. Sunanki aka sa mata, muna kiranta Uwani. Shirun nan da na yi yana cina har yau.

Gidan da muka koma tsoho ne, Inna. Kyankyaso a kwanuka, kuɗin cizo a gado, gara tana cin azara har ƙasa na zubo mana a tuwo. Baban Uwani ya samo farar hoda wajen wani mushe, wato ɗan bokon gwamnati, mai aikin auduga, ya ce barbaɗawa ɗaya an gama. Na shinshina, kaina ya sara. Yarinya tana rarrafe, duk abin da ta tsinta sai baki. Na ce ba a ɗakina ba. Ya ce banzar bokon lakwal na yi, tunda ban wuce tsohuwar ƙauye ba. Na ce na ji.

Naki na yi. Ganyen darbejiya a akwatin tufafi, toka da barkono a tulun wake, tabarmi a rana, tafasasshen ruwa a ƙafafun gado. Wake ya tsira, amma gara ko gezau. Sai na tuna da baƙinki.

Kin tuna gidan gonarmu na Kolokondé? Kwarkwasa nake nufi, tururuwar nan mai cizo da ke tafiya a jere kamar ayarin fatake. Ba kya kiran sunansu, sai dai ki ce baƙi. Ki ajiye ƙashi da guntun manja a bayan katanga, ranar da suka iso ki fitar da mu, ki buɗe ƙofofi, ki zagaye akurki da turken akuya da toka mai zafi don ba sa ƙetare ta. Mu zauna a gindin ɗorawa har su gama. Ko ƙwan kyankyaso ba sa bari. Amma na ga ɗan tsakon da aka manta a ƙarƙashin kwando, ƙashinsa kawai aka samu. Tun ranar nake tsoronsu, kuma ki yafe min, nake ɗan tsoronki.

Na ajiye ƙashi da manjan. Ba su zo ba, har na manta na kira su.

Ran nan aka kwana ana ruwa, murhu ya cika taf, babu ko garwashi ɗaya a gidan. Baban Uwani ya tafi tasha tun asuba. Da hantsi yarinya ta koma barci a tabarma, na ɗauki kasko na shiga gidan Iya Abu maƙwabciyarmu in ɗebo wuta. Kin san mai son labari, ta riƙe ni da zancen surukarta.

Shirun ne ya fara ba ni tsoro da na dawo. Kaji duk sun hau katanga, babu mai kuka. Kyankyasai suna fitowa daga ƙofar ɗakina da rana tsaka, har da kunama, kowa ta kansa yake. Tsakar gida ta yi baƙi wulik, ƙasar kanta kamar tafiya take, da wani ƙaramin sauti irin na yayyafi a busasshen ganye. Kuma Uwani ba ta kuka. Inna, da ma kuka na ji.

Na yar da kaskon na afka ciki. Suka hau ni har cinya, ban ji cizon ba sai daga baya.

Tana kwance da yatsa a baki, tana barcinta. An zagaye tabarmar da toka, layi mai kauri, babu inda ya yanke. Baƙin suna kwarara ta dama da hagu, ko ɗaya bai ƙetare ba. Na durƙusa na taɓa tokar. Da ɗuminta.

Daga wane murhu, Inna? Na tambayi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta leƙo. Kuma a inda bakin layin ya haɗu an dafa da tafin hannu, yadda kike rufe naki. Yatsu huɗu ne. Babu ƙaramin, wanda lauje ya cire miki ina goye a bayanki.

Kafin la'asar suka wuce. Gara ta ƙare, daren nan muka yi barci babu susa. Baban Uwani ya daɗe a tsaye yana kallon shatin hannun, washegari ya mayar wa mushen hodarsa. Na share ɗakin duka ban da wurin, na kifa ƙwarya a kai. Yanzu Uwani takan rarrafa can, ta zauna ta ɗaga hannuwa sama tana dariya, kamar mai son a ɗauke ta. Ni ba na ganin kowa.

Na yi miki sadakar waina ranar Juma'a. Ina cikin suya na tuna ranar da na ɗaga ki ki sha ruwa, kika dafa cikina da wannan hannun, kika daɗe ba ki cire ba. Na ɗauka jiri ne ya kama ki. Ashe kin sani? Ashe ke ma kunyata kika ji?

Ki kwanta ki huta, Inna. Daga yau ba na kiran baƙi sai da wuta a murhu da yarinya a bayana, tokar ma ni zan zuba. Allah ya jiƙanki, ya kai haske kabarinki. Ƙwaryar dai ba zan ɗaga ba.

Ni ce 'yarki,
uwar mai sunanki, daga Zongon Parakou.