Kunyar Ɗiyar Fari Za Ta Raba Ni da Ita

Gwaggo Zalihatu, ki taimake ni, na iya kunya har ta zame mini abin kuka.

Ɗiyata ɗaya, ta fari, watanta goma sha tara. Ana saura kwanaki a yi bikin samun 'yancin kai na haife ta. Kin san al'ada. A gaban mutane ban taɓa kama sunanta ba, in ta rugo ta riƙe mini zane sai in ɗaure fuska in miƙa ta ga wani.

Amma in an bar mu mu biyu! Yarinyar nan ba ta shan koko sai ta tsoma yatsa ta lasa wa akuyarmu. Ina daka tana rawa, in na tsaya ta harare ni. Jakin maƙwabta ya yi kuka, ta amsa masa. Shekaranjiya ta zura ƙafafu biyu cikin takalmin babanta guda, ta faɗi, ta tashi ta doki takalmin, wai shi ne mai laifi. In ta yi fushi bango take fuskanta, tana leƙe da ido ɗaya ko an damu. Nakan toshe baki da zane in yi dariya har hawaye. Ina sonta, Gwaggo, ga shi na faɗa tunda ba a san ni ba.

To, uwar mijina ta zo daga Ɗan Kassari, ta yaba kunyata, ta ce tunda yarinyar ba ta dame ni ba, in ta ɗauke ta yaye kafin shuka ta riƙe ta ke nan har aure. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini. Maigidana malamin lakwal ne, baki gare shi gaban ɗalibai, gaban innarsa kuwa shiru. Yaya zan yi?

Mai Dariya a Ɓoye, Dogon Dutsi

AMSA

'Yata, wasiƙarki ta ba ni dariya, mai dukan takalmin nan za a yi fama da ita.

Kada ki ga laifin surukarki. Abin da kika nuna mata ta gani, kuma kaka tana da haƙƙinta. Ki bar ta ta yi yayen, can yarinya za ta fi saurin manta nono. Sai dai a yanka lokaci tun yanzu, wata ɗaya ko kwana arba'in.

Ke kada ki buɗe baki, ba aikinki ba ne. Ki sami yayar mijinki ko wata gwaggonki, ki faɗa mata abin da kika faɗa mini, har da akuyar. Ta tafi da goro ta isar wa surukarki da saƙon. Malam kuma ya raka ta, ko bai ce komai ba zamansa ya isa.

Kada ki ji tsoron za a ce kin yi rashin kunya. Tsohuwar nan ita ma ta taɓa haihuwar fari, ta ɗaure fuska a gaban mutane, kuma ta san ranar da aka ɗauke mata nata. Tuna mata kawai za a yi.

Allah ya raya miki ita, ya dawo miki da ita da ƙiba.

Gwaggo Zalihatu