Kwamfutar da Ba a Kashe Ba

Litinin, 3 ga Maris
'Yata Ummi ta sake tambayata kwamfutar mahaifiyarta. An fara musu darasi ta intanet a kwaleji, wayarta kuma ba ta isa. Na ce sai na duba. Me zan duba?

Tun rasuwar matata ba a kashe kwamfutar nan ba. Ita dama ba ta kashewa, rufe murfin take yi ta tashi. Na sha yi mata faɗa cewa haka ke cinye batir. Ta ce, "Malam, kai ma barci kake yi, ba mutuwa ba."

Laraba, 5 ga Maris
Aikin wani ɗalibi marigayiyar take bugawa, ta tsaya a tsakiyar layi. In na danna maɓallin komawa baya, rubutun yakan warware, in ga inda ta yi kuskure ta gyara. In na danna na gaba, sai ya sake fitowa kamar tana zaune tana bugawa. Ban gaya wa kowa ina yin wannan ba.

Asabar, 8 ga Maris
An ɗauke wuta da hantsi. Na baro shago a guje, na ɗauko kwamfutar na kai ta wurin mai aski na jona a janaretonsa. Ya ce, "Yallaɓai, mara lafiyar taka ce kuma?" Aka yi dariya, har da ni.

Lahadi, 9 ga Maris
Na gwada: in aka zare caji, ba ta kai rabin awa.

Alhamis, 13 ga Maris
Na je wurin mai gyara. Ya ce batirin ya tsufa, irinsa ba a samu yanzu, manhajar da ke tafiyar da ita kuma ta yi mata nauyi. Akwai wata mara nauyi, ya nuna mini a tasa. Da ita, in ji shi, batirin zai ninka, wataƙila ya fi. Takardu da hotuna duk zai kwashe a filash.
Na ce, komawa bayan fa?
Ya ce wannan ba ya kwasuwa. Da zarar ta mutu, ya tafi.
Na ce zan yi shawara. Da wa?

Juma'a, 14 ga Maris
Ummi ta rasa gwaji ɗaya. Ba ita ta faɗa mini ba, a bakin ƙanwata na ji.

Lahadi, 16 ga Maris
Na zaunar da ita na nuna mata. Muka koma baya, muka dawo gaba. Ta ce, "Baba, dubi, har a nan tana cinye wasali." Ta yi kuka. Sannan ta ce in bar ta kawai, za ta riƙa aron ta ƙawarta. Da ma faɗa ta yi mini, da ya fi sauƙi.
Aka ɗauke wuta muna zaune. Na ji janareton mai aski ya tashi. Ban tashi ba.

Asabar, 22 ga Maris
Sabuwar manhajar ba ta da kyan gani, ban san inda komai yake ba. Na gwada: ta haura awa ɗaya da rabi. Ummi ta yi darasinta a baranda ba caji, ta gama, ta rufe murfin ta tashi ba ta kashe ba.
Na buɗe baki zan yi magana. Sai na ɗora ruwan shayi.