Makulli na Biyu

Litinin, 5 ga Yuni

Na iso Ardèche, sansanin da muka saba sauka. Kwana biyu daga Leeuwarden ina jan karafan, wato ɗakin kwana mai taya da mota ke ja, ni kaɗai, karo na farko tun rasuwar matata Tjitske. Na ɗaure tayarsa da ƙarfe, na kulle ƙugiyar ja, duk yadda takardar inshora ta ce. Dankalin da na taho da shi daga gida bai lalace ba. Babu wanda zan ce wa mun iso.

Laraba, 7 ga Yuni

An sace motar. Karafan ɗin da na yi ta kaffa-kaffa da shi yana nan daram. Motar ce ta tafi, da rana tsaka, a gaban kanti, ina ciki ina zaɓen burodi. Fasasshen gilashi kawai na tarar a ƙasa. Ɗan sandan yana rubutu yana hamma.

Alhamis, 8 ga Yuni

Na kira inshora. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ce za su ba ni motar haya, amma marar ƙugiya. To da haƙorina zan ja karafan? Sai ta ƙara da cewa, "Ka aiko mana makullan motar duka biyun, Mista Wiersma, kafin a duba batun biya."

Na ce to.

Ɗaya yana aljihuna. Na biyun yana cikin jakar hannun Tjitske, inda yake shekara tara. Jakar kuwa a kujerar gaba na ajiye ta tun daga gida, har bel ɗin kujera na ɗaura mata. Hira muke yi a hanya. Ɓarawo ya hango jaka, ya fasa, ya tsinci makulli. Na san sharaɗin sarai: ka bar makulli a mota, ko sisi ba za su ba ka ba.

Ba motar ce ke ci mini rai ba.

Juma'a, 9 ga Yuni

Ban fita ba.

Asabar, 10 ga Yuni

Toon, maƙwabcina a sansanin, ɗan Brabant ta kudancin ƙasarmu, mai tumbi da surutu, ya leƙo da kofi. "Kai tsoho, ka mutu ne a ciki? Ku mutanen arewa sai an biya ku kuke magana!" Na gaya masa rabin labarin. Ya ce, "Ka ce makullin ya ɓace tun bara mana, wa ya gan ka?" Na sha kofinsa.

'Yata Marrit ta kira, na gaya mata inshora na neman makulli na biyu. "Baba, makullin ai yana jakar Mama. Ina jakar? In je gidan in ɗauko." Na ce tana cikin kabad. Bakina ne ya faɗa kafin in tare shi.

Lahadi, 11 ga Yuni

Ta wuni tana birkice gidan da babu kowa, tana neman abin da na san ba ya nan. Sau uku tana kira. Kunya kamar in nutse.

Litinin, 12 ga Yuni

Na fara faɗa wa yarinyar inshora gaskiya, don ita ba ta san ni ba. Ta ce za ta rubuta yadda na faɗa. Na san ma'anar wannan.

Sannan Marrit. Na faɗa mata duka, har bel ɗin. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Baba, da ka tambaye ni, ai da ni na zauna a kujerar."



Laraba, 14 ga Yuni

Jibi Marrit za ta iso da motar mijinta, mai ƙugiya. Na ce kada ta wahalar da kanta, ta kashe wayar.

Na kwashe kayan Tjitske daga gadon hagu, na shanya bargon. Don ya sha iska ne kawai.